Daga mahon baduku zuwa kol ɗin tapisiye

Kafin kujerun salon su shigo gidajenmu, tumtum da sirdi ne manyan kayan fatarmu. In suka yage, wurin baduku ake kai su. Sai ya yanko guntun fatar jar akuya, wadda majema suka jeme da bagaruwa, ya cusa ƙarƙashin yagar, ya ɗinke da basilla. Irin fatar nan ce fa ayari ke ƙetare Sahara da ita, Turawa na ce mata fatar Maroko!

Yau yawancin salon ɗinmu simili ne, roba bisa ƙyalle. Zafin Afrilu na fasa shi, allura kuwa ƙara yaga shi take. Dole tapisiye ya koma ga kol, amma mahon ƙarƙashin nan har yanzu irin na baduku yake sawa.