Yadda Littafi Mai Tsarki Ya Koyi Hausa

Kakata ba ta yi boko ba, amma akwai wuri guda a cikin Littafi Mai Tsarki da take ganewa da yatsa. Takardar wajen ta yi baƙi saboda taɓawa, gefenta ya nannaɗe. Luka sura 15 ce, labarin yaron nan da ya karɓi gadonsa uban yana da rai, ya je ya ɓarnatar, ya ƙare a kiwon aladu, sannan ya juyo gida yana shirya kalmomin ban haƙuri. Da yamma takan sa in karanta mata, kuma duk sa'ad da na kai inda uban ya hango shi tun daga nesa, ya sheƙa ya rungume shi, sai ta ɗaga hannu ta ce, "Tsaya nan, maigidana. Sake mini." A lokacin ban taɓa kawowa a raina cewa wani ne ya zauna ya nemo waɗannan kalmomi ɗaya bayan ɗaya ba. Sai da na girma na gane cewa kafin labarin jinƙan nan ya iso tabarmar kakata, ya yi shekara casa'in a hanya, kuma rayuka sun salwanta a kansa.

Tafiyar ta soma a 1841. A shekarar ne Turawan Ingila suka aiko jiragen ruwa su hau kogin Kwara, a ciki har da wani Bajamushe mai wa'azi na ƙungiyar CMS, James Frederick Schön, tare da Samuel Ajayi Crowther. Zazzaɓi ya karkashe Turawa da yawa, tafiyar ta watse. Schön ya tsira, lafiyarsa kuwa daga baya ta hana shi ci gaba da zama a Afirka. Amma ya riga ya ji Hausa a bakin bayin da aka 'yanta a Saliyo, harshen ya kama zuciyarsa, har ya buga ɗan littafin kalmominsa a 1843. Ya koma Ingila da ƙishin harshe ba mai yi masa magana da shi.

A nan ne Allah ya kawo yaron da, a ganina, ba mu taɓa ba shi haƙƙinsa ba. Sunansa Dorugu, ɗan ƙasar Damagaram. Yana ƙarami aka kama shi aka raba shi da iyayensa, aka yi ta sayar da shi hannu zuwa hannu har Kukawa, inda wani Bajamushe matafiyi, Adolf Overweg, ya 'yanta shi tare da wani yaro Bamargi mai suna Abbega. Da Overweg ya rasu, suka bi Heinrich Barth, wanda mutanenmu suka sani da Abdulkarim, suka yi yawo da shi har Tambutu, sannan ya tafi da su Ingila a 1855. Schön ya karɓe su a gidansa. Ka kwatanta a ranka: dattijon Bature da alƙalami, da saurayin da aka taɓa yin cinikinsa a kasuwa, ƙasar sanyi, ɗaki ɗaya, ɗaya yana tambaya yaya ake cewa gafara, yaya ake cewa fansa, ɗayan yana amsawa. Wanda ya san zafin igiya a wuya ba sai an yi masa dogon bayani a kan fansa ba. Daga wannan zama ne Linjilar Matiyu ta fito da Hausa a 1857, daga baya nahawu a 1862, ƙamus a 1876, Sabon Alkawari a 1880, da Magana Hausa a 1885, inda Dorugu ya ba da labarin rayuwarsa da bakinsa.

Aikin yana da raunin da ba ya ɓoyuwa. Schön bai taɓa zama a ƙasar Hausa ba, Dorugu kuma Hausar ƙuruciya ce a bakinsa, don haka Bakano ko Bazazzagi ba zai karanta ya ji daɗi ba. Duk da haka an buɗe ƙofa.

Waɗanda suka biyo baya kaburburansu ne suka fi yawa. John Alfred Robinson ya rasu a Lakwaja a 1891, Graham Wilmot Brooke ya bi shi a 1892. A ƙarshen 1893 samari uku suka sauka Ikko, Walter Gowans da Thomas Kent da Rowland Bingham, da nufin shiga ƙasar Sudan kamar yadda ake kiran yankinmu a lokacin. Cikin kimanin shekara guda Gowans ya rasu a Girku, Kent a Bida. Bingham kaɗai ya koma gida, kuma daga wannan abin da ido zai kira asara ne mishan ta SIM ta tsiro, wadda ta haifi ikilisiyar ECWA a 1954.

Mutumin da ya kai aikin gaci shi ne Likita Walter Miller. Kafin ya taka ƙasar Hausa ya fara zuwa Tarabulus ya koyi harshen a wurin Hausawan da ke can, fatake da mahajjata. A 1900 ya bi Bishop Herbert Tugwell har Kano, Sarki Alu ya sallame su cikin 'yan kwanaki. Ban ga laifin sarkin ba: baƙi ne da suka zo ba gayyata, a daidai lokacin da sojojin Lugga ke matsowa, kuma wannan haɗuwa ta bishara da bindigar mulkin mallaka tabo ce da har gobe muke fama da ita. Suka ja da baya zuwa Girku, nan ma ɗayansu, Claude Dudley Ryder, ya rasu. Ƙauye ɗaya, kabarin masu bishara biyu.

A 1905 Miller ya samu wurin zama a cikin birnin Zariya, ya buɗe ɗakin shan magani da makaranta. Mutum ne mai zafin rai, ba ya tauna magana, ya sha saɓawa da hukumar Turawa da ma 'yan'uwansa masu bishara. Ina faɗin wannan ne da gangan, domin abin da ke ƙarfafa ni game da mutanen nan shi ne su ma masu zunubi ne da aka ji ƙansu, ba waliyyai ba. Abin da ba mai ƙwace masa shi ne kunne. Ya zauna da malamai da ɗalibansa Hausawa shekara da shekaru suna tankaɗe da rairayar kalmomi, masu bishara na sauran ƙungiyoyi kuma suna duba aikin. Ba su ƙago sabbin kalmomi ba inda Hausa take da nata. Allah, Ubangiji, zunubi, tuba, gafara, alheri, jinƙai: duk suna bakin jama'a tun da daɗewa, da yawansu ta hanyar Larabci da karatun malamai. Shi ya sa idan Kirista Bahaushe ya ce "Allah ya gafarta mini", maƙwabcinsa Musulmi ya san abin da yake roƙo, ko da sun bambanta a kan ta inda gafarar take zuwa.

Masu sauraro ma Allah ya riga ya tanada. A 1913 wasu daga cikin Isawa, zuriyar almajiran Malam Ibrahim wanda aka kashe a Kano saboda koyarwarsa a kan Annabi Isa, suka nemo Miller. Aka kafa musu zama a Gimi, sai ciwon barci ya afka wa ƙauyen ya ɗebe mutane da dama. Waɗanda suka ragu, da 'ya'yansu, suna cikin tushen jama'ar Wusasa, inda mishan ta koma a 1929 aka gina cocin St. Bartholomew da ƙasa, ginin Hausa sak, wanda yake tsaye har yau.

A 1932 cikakken Littafi Mai Tsarki ya fito da Hausar boko. Abin da ya biyo baya ya wuce lissafin masu aikin. Littafin da aka yi domin Kano da Zazzau sai ga shi ya fi samun karɓuwa a kan dutsen Jos da Kudancin Kaduna da Adamawa da Biu, a hannun Angas da Birom da Bajju da Bura, waɗanda harsunansu ba su da cikakkiyar fassara tukuna. Da shi suka koyi karatu, da shi suka yi wa'azi, da shi suka binne matattunsu. Bayan kusan shekara hamsin aka yi sabuwar fassara mai sauƙin Hausa, wadda ta sa Almasihu inda tsohuwar ta ce Kristi, amma tsofaffi da yawa ba su saki ta farkon ba. Kakata tana cikinsu.

Miller ya ga littafin da idonsa, a ƙasar nan kuma ya rasu a 1952. Abbega ya koma gida har ya yi sarautar Lakwaja. Dorugu kuwa ya dawo a 1864, ya yi tafinta, a ƙarshe ya koyar a makarantar Ɗan Hausa da ke Nassarawa a Kano. A can ya rasu a 1912, saura shekara ashirin littafin ya fito.