Falken Salga da Yarinyar da Ya Saya

A zangon Tamale, da wuya ka tambayi mutum asalinsa ya gama bayani bai ambaci Salga ba. Mu ma haka ne. Kakan mahaifina falke ne, Ba'agale daga ƙasar Kano. Goro ya kawo shi Gwanja, yaƙi ya fitar da shi daga Salga, ƙasa ta rufe idonsa a nan. Iyakar abin da ake gaya wa yara ke nan, ni kuwa bai ishe ni ba.

Abin da ya bari a rubuce yana cikin wata tsohuwar gafaka: 'yan warƙoƙi da ajami, tawadar ta koma ja, gefen takardun gara ta ci. Ba wasiƙa ba ce, ba wasiyya ba, lissafin bashi ne. Wane ƙwarya kaza ta goro, wane ya biya rabi da kanwa, fatoma ya riƙe ladansa. Kowace ƙwarya goro 100 ce. Kusa da wasu sunayen an rubuta garinsu, kuma da na jera garuruwan sai ga hanyar ayari ta fito: Jega, Illo inda ake ƙetare Kwara, Nikki a ƙasar Bargu, Sansanin Mango, Yandi, Salga. Tafiyar watanni ce a bayan jakuna, ƙarƙashin madugu. A je da kanwa da baƙin rini da fatu, a komo da goro a huhu, ana kwancewa a hanya ana yayyafa ruwa, ana tsince wanda sankara ta taɓa kada ya ɓata sauran.

Salgar da ya tarar ta riga ta fara ja da baya. A 1874 Turawan Ingila suka ƙone Kumashi, Gwanjawa suka yar da ikon Tonawa masu Kumashi, su kuma Tonawa suka karkatar da goronsu zuwa Kintampo da Atebubu. A 1892 rikicin sarauta ya ɓarke, Kabachewura Isifa ya auka wa Kpembe da taimakon Dagwamba da Nanumba, baƙi suka watse daga Salga. Alhaji Umaru, malamin nan haifaffen Kano wanda ya rubuta labarin wannan yaƙi a waƙe, ya koma Kete Karachi, can ya zama limami har rasuwarsa a 1934. Namu ma Karachi ya fara nufa. Tsohon garin yanzu yana ƙarƙashin ruwa tun da aka datse kogin Volta a Akosombo, an gama aikin a 1965, saboda haka ba ko kango da zan je in duba.

Tamale ta ja shi ne bayan 1907, shekarar da Turawa suka ɗauke hedkwatar Arewa daga Gambaga suka kawo nan. Inda soja da ma'aikata suka taru, nan kasuwa take. A lokacin ma goro ya fara canza hanya: jirgin ƙasa ya iso Kumashi a 1903, ana sauke kaya bakin teku, jirgin ruwa ya kai Ikko. Alhassan Dantata, shi ma Ba'agale, ya kama wannan sabuwar hanya ya zama abin da ya zama. Kakanmu bai bi ba. Ya zauna ya zama mai masauki, yana saukar da masu shanu da tumaki daga ƙasar Moshi masu gangarawa kudu.

Na zauna a ma'ajiyar takardun gwamnati ta Tamale ina bin fayil-fayil na zamanin Turawa, kuma duk mai neman kakansa ina ba shi shawara ya je. Amma ya san abin da zai tarar. Bature ya ƙirga jakuna, ya ƙirga kaya, ya ƙirga harajin ayari har aka soke shi a 1908. Mutum kuwa sunansa ba ya shiga takarda sai ya yi ƙara, ko an yi ƙararsa, ko an naɗa shi sarkin zango. Kakanmu bai yi ko ɗaya ba. Rabin takardun gida kuma sun tafi Najeriya a 1969, lokacin da gwamnatin Busia ta ba baƙi marasa izinin zama mako biyu su fita, 'yan uwanmu da yawa suka bi motocin kaya.

A warƙa ɗaya, tsakanin bashin kanwa da kuɗin jaki, akwai layi guda: yarinya ɗaya, da kuɗinta a wuri. Na kai wa autar gidan, ƙanwar kakana da muke ce wa Kaka, tana da sauran kwana a lokacin. Na karanta mata. Ta daɗe tana murza carbi, sannan ta ce, "Maigida, ai Inna ce. Uwata ce ka karanto."

Bagurunsa ce. A shekarun da mayaƙan Zabarmawa, Gazari da Babatu, suke kai hari ƙasar Gurunsi, kasuwar Salga ta cika da kamammu, kuma fataken goro suna cikin masu saye. Kaka ta ce uwarta tana da zane a kumatu wanda ba na Hausawa ba, ba ta taɓa sakin jiki da tuwon da ba ita ta tuƙa ba, in tana daka ita kaɗai takan yi waƙa da wani harshe da ba wanda ke ji a gidan. Ta haifi 'ya'ya, ta yi salla, ta rasu ana ce mata Inna. Duk mu da muke tinƙaho da Agalawa a gidan nan, daga cikinta muka fito.

Wasu dattawanmu ba su so na fito da wannan ba. Baffana ya ce, "Ɗana, abin da ƙasa ta rufe, bar shi a rufe." Na fahimci kunyar da yake ji, amma ban yarda ba. Mun haddace garuruwan da falken ya ratsa, mun bar matar da aka raba da garinsu tana ƙarama. Kabarin Babatu yana Yandi, mutane na zuwa gani. Bulsawa a Sandema duk Disamba suna bikin Feok, suna tuna ranar da suka kore shi. Ita ba ta samu ko ɗaya ba.

Cikin salsalar da na rubuta wa 'ya'yana na sa ta a layi ɗaya da shi, na kwatanta zanen kumatunta yadda Kaka ta zana mini da yatsa a kan tabarma. Na aika kwafi ga dangin da ke Kano, na roƙe su su duba rabin takardun da ke hannunsu, ko akwai warƙar da ta faɗi wanda ya sayar da ita da garin da ya kawo ta.