Tulunan Inna da Tarihin Satsuma

Bayan rasuwar mijin Inna, ƙanwar mahaifiyarmu, rabon gado ya zo ya cije a kan wasu tulunan ado guda biyu da suka fi shekara arba'in a saman kabad ɗin falo. Marigayin ya saye su ne wajen wani Bature da zai koma gida. Babban ɗansa ya dage wai ya ga irinsu a intanet, kuɗinsu ya sayi gida. Inna ta kira ni ta ce, "Tunda ke ce mai rubuce-rubuce, bincika mana kafin 'yan'uwa su ɓata." Ga abin da na samo.

Sunan irin wannan aiki Satsuma, wato tsohon sunan wani yanki a kudancin tsibirin Kiyushu na Japan, inda Kagoshima take a yau. Abin mamaki, asalin maginan ba Japanawa ba ne. Tsakanin 1592 da 1598 Japan ta kai wa Koriya yaƙi, da za a dawo sai sarkin yankin, Shimazu Yoshihiro, ya taso ƙeyar maginan tukwane 'yan Koriya ya zaunar da su a ƙasarsa. Aikinsu na farko kayan amfanin gida ne masu duhu, babu wani ado. Launin hauren giwa da ruwan zinare da aka san Satsuma da su daga baya suka yi ƙarfi.

Kasuwa ce ta juya komai. A bikin baje koli na Faris a 1867 Turawa suka ga kayan suka ruɗe, a na Biyana a 1873 ma haka. Da oda ta fi ƙarfin Kagoshima, sai masu sana'a a Kiyoto da Osaka da Yokohama suka shiga, suna zana abin da Bature ke son gani: mata cikin kimono, mayaƙa, furanni, zinare ko'ina. Mu marubutan kasuwar Kano ba za mu yi musu dariya ba, mun san yadda ake yi in littafi ɗaya ya karɓu. To a nan gizo ke saƙa: yawancin abin da ake kira Satsuma ba a Satsuma aka zana shi ba, kuma a cikinsu akwai na gwanaye, akwai na cika kwali. Yabu Meizan na Osaka, wanda ya rasu a 1934, yakan zana ɗaruruwan malam-buɗe-littafi a ɗan kwano, sai da madubin ƙara girma za ki ƙirga su. Irin nasa ne ake saye da dubban daloli.

Yaya ake ganewa? Satsuma yumɓu ne, ba tangaran mai ƙarar ƙararrawa ba; in kin ƙwanƙwasa ƙararsa a dakushe take, haske kuma ba ya ratsa shi. Ƙyallin jikinsa na da ƙananan tsage-tsage kamar saƙar gizo. Sai ki duba fuskokin mutanen da aka zana: kowa da kamanninsa, ko duk ɗigo biyu ne da layi?

Sannan ki kifa shi. Zobe mai alamar tarawa a ciki tambarin gidan Shimazu ne, amma kada ya ruɗe ki, kowa bugawa yake yi. Rubutun boko ya fi faɗin gaskiya. Daga 1891 dokar Amurka ta tilasta rubuta ƙasar da kaya suka fito, Japanawa suka riƙa sa "Nippon". A 1921 aka ce sai dai "Japan". Wanda kuwa aka rubuta "Royal Satsuma" a gindinsa, kwaikwayo ne na baya-bayan nan.

Ranar Asabar na je muka kifa na Inna a kan katifa, ɗan nata yana tsaye a kanmu. "Made in Japan", da hatimin tawada. Fuskokin duk iri ɗaya, zinaren ya goge a wuya, ɗayan ma an taɓa liƙa kunnensa da gam. Na ce, "Inna, tsofaffi ne, za su iya kusan shekara ɗari, amma kuɗinsu ba zai sayi ko ƙofar gida ba." Ta yi shiru, can ta ce a yi musu kuɗi a cire daga tumunin takabarta, a mayar mata da su saman kabad.