Wa Ya Ajiye Sikelin?

Mu da muka shiga fannin nazarin halayyar ɗan Adam da lafiya a ƙarshen shekarun 1990, mun tarar da gidan a rabe biyu, alhali ko ginin bai gama bushewa ba. A 1977 ne George Engel, wani likita ɗan Amurka, ya buga maƙalarsa a mujallar Science yana cewa ba a fahimtar cuta da duban jiki kaɗai, sai an haɗa da tunanin mai ita da zaman da yake yi cikin jama'a. Shekara guda bayan haka ƙungiyar masana halayya ta Amurka ta buɗe wa fannin sashe nasa, na 38. Alkawarin da aka ɗauka uku ne: jiki, tunani, al'umma. Da aka zo aiki sai al'ummar ta ƙanƙance, ta koma layuka kaɗan a saman takardar tambayoyi: namiji ko mace, shekara nawa, albashi nawa. Ragowar takardar duk a kan niyya take. Mai shan taba bai daina ba don niyyarsa ta yi rauni, mai teɓa bai rame ba don bai yarda da kansa ba. Kamfanin tabar da kuɗin abincin ba su da gurbi a lissafin.

Babu inda wannan giɓi ya fi fitowa fili kamar a nazarin yadda mutum ke kallon jikinsa. Batun tsoho ne, tun 1935 Paul Schilder ya rubuta littafi a kansa. Amma kayan aikin da aka danƙa mana shi ne zanen da Albert Stunkard da abokan aikinsa suka fitar a 1983: surori tara a jere, daga sirriya ƙwarai zuwa mai ƙiba ƙwarai. A ce wa mace ta nuna wadda ta yi kama da ita, sannan ta nuna wadda take so ta zama. A ɗebe wannan lamba daga waccan, abin da ya rage shi ne rashin gamsuwarta. Aikin yana da tsafta, yana da sauri, mujallu kuma suna karɓa. Sai dai sakamakon ya riƙa fitowa iri ɗaya har ya zama abin kunya ga mai tambayar. A tsakiyar shekarun 1980 Judith Rodin da abokan aikinta suka rubuta cewa rashin jin daɗin jiki ya zama ruwan dare tsakanin matan Amurka, har shi ne al'ada. To idan mafi yawan mata ne ke fama da abu, da wane dalili za a ci gaba da neman aibin a cikin kan kowace ɗaya?

Amsar ba daga cikin gida ta zo ba. Susie Orbach, mai ba da shawara ga masu damuwa a Landan, ta fitar da Fat is a Feminist Issue a 1978, tana cewa dangantakar mace da abinci ba ta rabuwa da matsayin da aka ajiye ta. Robert Crawford a 1980 ya nuna yadda lafiya ta zama ma'aunin kirki, marar lafiya ya zama mai laifi. Susan Bordo, wadda malamar falsafa ce, ta zo da Unbearable Weight a 1993. Waɗannan littattafai ba sa cikin jerin karatun da aka ba mu. A hannun junanmu muke karɓarsu, kuma wanda ya ambace su a jarrabawa yakan ga an rubuta masa a gefen takarda cewa wannan siyasa ce.

Abin da ya ba mu bakin magana a cikin fannin shi ne hanyar bincike. Jonathan Potter da Margaret Wetherell sun nuna a 1987 cewa maganar mutum abar nazari ce a kan kanta, domin da ita yake kare kansa, yake ɗora laifi, yake neman a ɗauke shi mutumin kirki. Sue Wilkinson ta kafa mujallar Feminism & Psychology a 1991, David Marks ya kafa Journal of Health Psychology a 1996, aka samu inda za a kai aikin da babu jadawalin lambobi a ciki. Littafin Helen Malson na 1998, The Thin Woman, shi ne ya fi girgiza ni. Ta zauna da matan da ke ƙin cin abinci har su kusa halaka, ta saurare su, sai ga shi kalmomin da suke yabon ramarsu da su, kamun kai da juriya da tsafta, su ne dai kalmomin da mujallun mata da asibitoci ke yabon kowace mace da su.

A 1999 Michael Murray ya kira taro a St John's, can gabashin Kanada, aka haɗu daga Birtaniya da Niyu Zilan da Ostireliya da wasu wurare. A taro na biyu, a Birmingham a 2001, aka kafa ƙungiyar ƙasa da ƙasa ta masu wannan ra'ayi na sukar fannin daga ciki. Kafa ƙungiya bai sa an daina yi mana tambayar da muka haddace ba: "Mutum goma sha biyu kacal kuka yi hira da su?" Mu ma, in za a faɗi gaskiya, muna da namu girman kan. Akwai lokacin da duk mai ƙirga wani abu muke masa kallon ɗan koren kamfanoni, alhali Barbara Fredrickson da Tomi-Ann Roberts, da suka bayyana a 1997 yadda mace ke koyon kallon kanta da idon mai kallonta, da gwaji da lambobi aka bi bayan maganarsu.

Daga nan abubuwa suka yi sauri. Sarah Grogan ta shigo da maza da yara cikin littafinta na 1999, aka fara maganar samari da ɗaga ƙarfe da allurar ƙara tsoka. Mujallar Body Image ta fito a 2004. A 2006 Virginia Braun da Victoria Clarke suka rubuta maƙalarsu kan yadda ake tace jigogi daga hira, wadda a yau da wuya ka buɗe kundin ɗalibi ba ka gan ta ba. Hanyar ta yi nasara, har ta wuce ra'ayin da ya haife ta. Ina duba kundaye masu hira ashirin da jigogi huɗu waɗanda babu tambaya ko ɗaya a cikinsu game da wanda ke cin riba.

Kasuwa ma ta koyi yarenmu. A 2004 kamfanin Dove ya fara tallar da ke cewa kowace mace kyakkyawa ce, yana sayar da sabulu da man shafawa. Rosalind Gill da Shani Orgad sun bi diddigin wannan a littafinsu na 2022: a da ana ce wa mace ta gyara jikinta, yanzu ana ce mata ta gyara zuciyarta ta so jikin, kuma a duka biyun aikin a wuyanta yake. Takardun cikin gida na Facebook da Frances Haugen ta fallasa a 2021 sun nuna kamfanin ya san Instagram na ƙara wa wasu 'yan mata ƙin jikinsu.

Inda na fi ganin gazawarmu shi ne mun ɗauka rama ce burin kowace mace a duniya. Binciken Anne Becker a Fiji ya ƙarfafa wannan zato: a 1995, da talabijin ya iso yankin da ta yi aiki, babu yarinyar da ta ce tana jawo amai don ta rame, amma a 1998 kimanin kashi 11 cikin 100 sun ce suna yi. Aka riƙa ba da labarin kamar duniya duka hanya ɗaya za ta bi. Sai ga Rebecca Popenoe a 2004 da littafinta kan Larabawan Azawak na Nijar, inda ake ɗura wa yarinya madara da kunun gero tun daga faɗuwar haƙoranta na fari don ta yi jiki. Ita ma ba daga fanninmu ta fito ba, masaniyar al'adu ce.

Ranar da na fara nuna wa ɗalibaina a Arewa surorin Stunkard, da yawansu sun nuna wadda ta fi su jiki. A lissafin da aka koya mana lambar ta fito a juye, kuma takardar ba ta tambayi launin fata ba ko kaɗan. Damuwar da suka kawo ita ce ta amaryar da dangin miji za su ce ba a kula da ita ba, da maganin ƙiba da ake kira sha-ka-fashe, da man bilicin. Wasu daga cikin waɗannan ƙwayoyi na rage kumburi ne masu ƙarfi, irin su dexamethasone, da ke iya jawo hawan jini da ciwon suga ga mai shan su ba bisa ƙa'ida ba. Wata ɗaliba ta so ta raba takardar tambayoyi ga masu shan. Na ce mata, "Malama, fara da mai kemis da mai gyaran amarya. Ki tambaye su nawa suke samu a watan da bukukuwa suka yi yawa, kuma wa ke biya, amaryar ko uwarta."