Tarihin Gem Da Yadda Ya Iso Mana Sabo

 Kwanakin baya ɗana ya zo yana lallaɓa ni in saya masa na'urar gem, har yana kawo mini hujja cewa ai ya ji labarin ni ma na buga a zamanina. Ban musa ba. Maganar tasa ce ta sa na zauna na tuna yadda muka fara, da kuma doguwar hanyar da wannan na'ura ta biyo kafin ta shigo ɗakin mahaifinmu a Sabo. Sai mai karatu ya gyara zama.

Asalin abin

Na'urar gem ta farko da aka sayar don a jona ta da talabijin a gida ita ce Magnavox Odyssey, wadda ta fito a Amurka a 1972. Wanda ya ƙirƙiro ta, Ralph Baer, shi ma baƙo ne a inda ya zauna: a Jamus aka haife shi, iyayensa Yahudawa suka gudu da shi Amurka a 1938. Na'urar tasa ba ta da sauti, ɗigo-ɗigon haske ne kawai ke yawo a fuskar talabijin. A 1977 kamfanin Atari ya fito da tasa, wadda ake cusa wa kaset a canza wasa, kasuwa ta buɗe sosai. To amma kowa ya san halin kasuwa idan ta yi daɗi. Kamfanoni suka yi ta zubo wasanni marasa kan gado har mutane suka gaji, a 1983 kasuwar gem ta Amurka ta rushe. A shekarar ne Atari ya kwashi tarin kaset ɗin da suka yi kwantai ya binne a juji a garin Alamogordo. Mutane da yawa sun ɗauka tatsuniya ce, sai da aka tono wurin a 2014 aka gan su.

Cikin wannan shekara ta 1983, ranar 15 ga Yuli, wani kamfani a birnin Kyoto na Japan ya fito da tasa na'urar mai launin ja da fari. Kamfanin shi ne Nintendo, wanda tun 1889 yake sana'ar buga katin wasa. Sunan na'urar Family Computer, a taƙaice Famicom, kuɗinta yen 14,800. A 1985 aka canza mata riga aka kai ta Amurka da sunan NES, a shekarar ne kuma wasan Super Mario Bros. na Shigeru Miyamoto ya fito. Tsakanin Famicom da NES an sayar da sama da miliyan 60.

Ta ƙofar baya

Abin da ya shafe mu a nan shi ne, wannan na'ura ta asali ba ita ce ta iso hannunmu ba. Daga 1986 da aka shiga tsarin SAP darajar naira ta yi ta faɗuwa, kayan waje na asali suka fi ƙarfin talaka. Ana cikin haka masana'antun Taiwan da na Sin suka fara kwaikwayon Famicom. NES ta Amurka tana da wani ɗan makulli a ciki mai hana ta karɓar kaset na jabu, ita kuwa ta Japan ba ta da shi. Waɗannan 'yan kwaikwayo su suka cika duniyar masu ƙaramin ƙarfi. A Rasha ana ce musu Dendy, a Folan Pegasus. Mu kuwa "Famili Kom" muke cewa, ko mu ce gem kawai. Ta tashar jiragen ruwa ta Legas suke shigowa, su sauka kasuwar Alaba, daga nan su bi mota zuwa Dugbe da Ogunpa.

Tamu ta zo ne a 1994. Kawunmu, wanda ke kai shanu Legas, shi ya shigo da kwalin cikin buhun goro don kada Baba ya gani tun daga ƙofa. A ciki akwai na'urar, da fad biyu, da bindigar roba, da adafta, da wata waya, sai kaset guda ɗaya rawaya da aka rubuta wa lamba mai tara-tara da yawa, wai adadin wasannin da ke ciki ke nan. Daga baya muka gane ba su wuce goma ba, maimaita su aka yi ta yi.

Jona ta ma aiki ne. Sai an zare wayar eriya daga bayan talabijin a sa tata, sannan a yi ta murɗa maɓallin neman tasha a hankali, ana kallon yayyafin nan fari da baƙi, har hoto ya fara fitowa. Yayana ke murɗawa, mu bakwai muna tsugune a bayansa ba mai numfashin kirki. Da hoton Mario ya tsaya sosai, ihun da muka yi sai da ya fito da Inna daga madafi da muciya a hannu.

Baba ya dawo daga masallaci ya tarar da mu. Ya daɗe yana kallo, sannan ya juya ga Kawu ya ce, "Malam, wannan kuma wace fitina ka kawo mini gida?" Kawu ya ce, "Alhaji, gara su zauna a gabanka da su tafi inda ba ka sani ba." Wannan magana ce ta cece mu. Aka kafa doka: ba gem sai Alhamis da Juma'a da babu makarantar allo, kuma da an kira Magariba a kashe, ballantana lokacin labarai.

A haka muka koyi Mario da Contra da wasan tankar yaƙi da harbin agwagwa. Babu ajiye wasa, in aka ɗauke wuta kana dab da ƙarshe, sai ka koma farko. In kaset ya ƙi tashi sai mu zare mu hura masa iska. Yanzu an san hurawar ba ta gyara komai, zarewa da mayarwar ce ke sa ƙarafan su haɗu, danshin baki ma tsatsa yake jawowa.

Zuwan faifai

Sega Mega Drive, wadda ta fito a Japan a 1988, ita ta biyo baya da Sonic da Mortal Kombat, amma a gidajen masu hali muka fi ganinta. Abin da ya canza komai shi ne PlayStation ta kamfanin Sony, wadda ta fito ranar 3 ga Disamba 1994. Da farko Sony da Nintendo tare suka shirya aikin, suka ɓata a 1991, Sony ya kama gabansa. Ita da faifan sidi take aiki, kuma kwafar faifai ta fi ƙera kaset sauƙi nesa ba kusa ba. Da masu gyara suka iya sa mata ɗan ƙarfen da ke sa ta karɓi faifan kwafi, sai ta bazu har lungunan da Sony bai taɓa jin sunansu ba. An sayar da fiye da miliyan 100.

A 1999 Yaya ya tara kuɗin ɗinkin hula na wata da watanni ya sayo tokumbo 'yar Japan. Wutar Japan bolt 100 ce, tamu kuwa ta haura 200, don haka dole sai an bi ta ƙaramar taransifoma mai rage ƙarfin wuta. An gaya mini. Amma ranar da ya fita, zumuɗi ya sa na cusa ta kai tsaye a bango. Ƙara ɗaya ta yi, sai hayaƙi da warin roba. Kwana uku kacal ta yi a gidanmu. Yaya bai doke ni ba, ya dai yi wata guda ba ya amsa gaisuwata, wanda ya fi dukan ciwo.

Shagon Mokola

Asarar nan ce ta fitar da ni daga Sabo. Mai karatu ya san unguwarmu, tun da aka kafa ta a 1916 komai namu a ciki yake: masallaci, mahauta, makaranta, Sarkin Hausawa. Yaro zai iya girma bai yi abokin kirki a waje ba. Amma mai son PlayStation a lokacin sai ya gangara Mokola, inda wani Bayarabe ke da shago mai talabijin uku da benci da ƙaramin janareto. Ana biya wasa-wasa, wanda aka ci ya tashi ya ba na bayansa fad.

Lokacin kuwa ba na daɗi ba ne. A Yulin 1999 aka yi rikicin Shagamu, a Nuwamba aka yi na Ketu a Legas, an rasa rayuka a duka biyun. Iyaye na jan kunne kada a yi nisa. Ranar farko da na shiga shagon, wani ya ce da Yarbanci ga ɗan Gambari ya zo, aka yi dariya. Na ji sarai, na yi kamar ban ji ba.

Wasan da ake bugawa shi ne Winning Eleven na kamfanin Konami. Rubutunsa da Japananci, mai sharhin ma da Japananci yake ihu, don haka da ni da su duk jahilai ne a gabansa, wurin da kowane abu yake kawai muke haddacewa. Kowa kuma Najeriya yake son ɗauka, domin zinaren Atlanta na 1996, inda muka ci Barazil 4 da 3 da Ajantina 3 da 2, bai bar zukata ba. A cikin tawagar akwai Tijjani Babangida, haifaffen Kaduna, ɗan wasan Ajax ta Holan, wanda masu gem ɗin suka sa shi cikin mafiya gudu a wasan gaba ɗaya. Dabarar kowa ɗaya ce: a jefa wa Babangida ƙwallo ta gefen dama, a danne maɓallin gudu.

Duk wanda ya zauna ƙasar Yarbawa bayan soke zaɓen 12 ga Yuni 1993 ya san yadda sunan Babangida ke ɗaci a bakin mutane, saboda Janar ɗin da ya soke zaɓen. Sai ga shi a wannan shago yaran Ibadan suna tsalle suna kiran sunan da murna. Da suka ga na iya sarrafa shi, sai suka laƙaba mini sunan, Gambari ya bi ruwa. A Fabrairun 2000 kuma Babangida na gaskiya ya zura wa Afirka ta Kudu ƙwallo biyu a Surulere, a wasan kusa da na ƙarshe na kofin Afirka. A talabijin ɗin shagon muka kalla, an cire wayar gem an mayar da eriya. Ranar ɗauka ta aka yi a kafaɗa kamar ni na ci.

Ba zan ce gem ya kashe wata wuta ba, rikici ya sake tashi a Idi-Araba a 2002. Abin da na sani shi ne a kan bencin nan na goge Yarbancina, kuma biyu daga cikin yaran har yau muna zumunci, ɗaya ma ya zo sunan ɗan nan nawa.

Kammalawa

Shagunan gem ba su ƙare ba, amma wayar hannu ta kwashe yawancin yaran. PlayStation ta kai ta biyar tun 2020, ana buga ta da mutumin da ke wata ƙasa ta intanet ba tare da an ga fuskarsa ba. Na ce wa yaron zan saya daidai ƙarfina, bisa sharaɗi uku: dokar kakansa ta Magariba tana nan, a falo za a ajiye, kuma fad na biyu na yaran maƙwabta ne. Na kuma nuna masa rubutun da ke bayan kowace na'ura, inda ake faɗin ƙarfin wutar da take ɗauka, na ce ya karanta kafin ya jona.

Tsohuwar Famili Kom ɗinmu tana nan a akwatin Inna, kuma tana tashi. Bindigar ce dai ba ta harbin agwagwa, domin sai da tsohuwar talabijin mai ƙeya take aiki. In akwai mai irinta a ajiye a Sabo, don Allah ya yi mini magana.