ZARE: Ina aka kai ƙofar fita? Tarihin maɓallin "Sign out"

1/ Laftof ɗaya ce a gidanmu a Kawo, mu uku ke amfani da ita: ni, Yaya, da autarmu. Kowa da akawun ɗinsa. Ranar da Yaya ya ɗora mata Windows 11, na gama aikin makaranta, Auta na tsaye a kaina tana jira, ni kuma na rasa inda ake fita. Ɗan jami'a guda fa 😭

2/ Na danna alamar kashewa, na ga Sleep, Shut down, Restart. Babu Sign out. Ashe sai ka danna sunanka a ƙasan Start. Kunyar da na sha a gaban yarinyar nan ce ta sa na bi tarihin maɓallin. Ku gyara zama.

3/ Asalinsa a Amurka ne, jami'ar MIT, 1961. A lokacin kwamfuta ɗaki guda take cikawa, kuma tsadarta ba ta mutum ɗaya ba ce. Sai Fernando Corbató da abokan aikinsa suka ƙirƙiro tsarin CTSS: mutane da yawa su yi aiki da na'ura ɗaya a lokaci guda.

4/ Tunda ta haɗaka ce, dole a san wa ya shiga, wa ya fita, awa nawa kowa ya ci. Nan aka samo suna da kalmar sirri, da shiga da fita. Wato an haifi maɓallin nan ne don masu karɓa-karɓa irinmu.

5/ Ba a jima ba wani ɗalibi, Allan Scherr, ya ga awa 4 da ake ba shi a mako sun yi masa kaɗan. Ya yi dabara aka buga masa fayil ɗin kalmomin sirrin kowa a takarda, ya riƙa shiga da sunan mutane. Duk wanda ya taɓa roƙon mai kafe ƙarin minti biyar ya san halin da bawan Allah yake ciki 😂

6/ Windows 95 ce ta kawo Start, a watan Agusta 1995. An yi ta yi mata dariya: wai don ka kashe na'ura sai ka danna "fara".

7/ Sai Windows XP, Oktoba 2001. A ganina nan aka fi yi wa mutane adalci. Ka buɗe Start, maɓallai biyu na kallonka a ƙasa: Log Off da Turn Off Computer. Ba nema, ba tambaya.

8/ A shekarar ce kuma GSM ya shigo Najeriya, kafe-kafe suka fara yawaita. Yaya na ba ni labarin yadda suke sayen tikitin awa ɗaya, ko su biya kuɗin kwana su buɗe Yahoo Mail har asuba, janareto na ruri. Ya ce abin da ya fi yawa shi ne ka zauna ka tarar da akwatin saƙon wanda ya tashi a buɗe, saboda lokacinsa ya ƙare bai fita ba.

9/ Yanzu ga inda na fi so. Gab da fitowar Vista, a ƙarshen 2006, wani marubucin manhaja, Joel Spolsky, ya koka cewa hanyoyin barin kwamfutar sun yi yawa. Sai tsohon ma'aikacin Microsoft, Moishe Lettvin, ya fito ya ce shi ya yi aiki a kan wannan ɗan jerin, kuma mutum 43 ne ke da ta cewa a kansa. Arba'in da uku! Ko kwamitin biki a Tudun Wada bai kai haka ba.

10/ Windows 8, Oktoba 2012: aka cire maɓallin Start ɗungurungum. Log off ya koma Sign out, aka raba shi da maɓallin kashewa, aka maƙale shi ƙarƙashin hoton mai akawun. Korafi ya sa Start ya dawo, amma Sign out bai koma tsohon gidansa ba, har Windows 10 a 2015 da 11 a 2021.

11/ A 2024 ma wani sabuntawa ya tura shi bayan ɗigo uku, aka cika wurin da bayanan akawun ɗin Microsoft. Jama'a suka yi ca, aka dawo da shi fili.

12/ Fahimtata ita ce: masu tsara abin nan sun ɗauka kowa na da tasa na'urar, ya rufe murfi ya tafi. To a Kaduna fa? Je shagunan buga takardu lokacin rajistar JAMB ko biyan kuɗin makaranta ka ƙirga hannun da ke taɓa kwamfuta ɗaya kafin la'asar.

13/ Kuma a irin shagunan nan, fita daga Windows ba shi ne maganar ba, don duk akawun ɗaya ake amfani da shi. Gmail ɗinka, WhatsApp Web, shafin makaranta: kowanne sai ka fita da hannunka. Danna X ba fita ba ne. Idan ka riga ka tafi, buɗe WhatsApp a wayarka, shiga Linked devices, ka cire na'urar.

14/ A gida kuwa, ga gajeriyar hanya: Ctrl+Alt+Del, Sign out na nan a jerin. Haɗin maɓallan nan David Bradley na IBM ne ya ƙirƙiro shi tun zamanin kwamfutarsu ta 1981, kuma a 2013 Bill Gates da bakinsa ya ce sa mutane danna su kafin shiga kuskure ne. Yau kuskuren ne ya fi Start saurin kai ni ƙofa.

15/ Auta dai ta rubuta Ctrl+Alt+Del a 'yar takarda ta manna a gefen laftof ɗin. A ƙasa ta ƙara: "don Yaya ƙarami."