Tarihin Hannun Tuƙi da Sauyinsa a Afirka ta Yamma

Abu na farko da ke rikita direban da ya shiga wata ƙasa da mota shi ne hannun tuƙi, wato gefen hanyar da doka ta tilasta wa abin hawa ya bi, kuma wannan rarrabuwa ta hagu da dama ta girmi motar kanta. A Ingila dokar hanyoyi ta 1835 ce ta tabbatar da bin hagu tun zamanin keken doki, daga nan Turawan mulkin mallaka suka kai tsarin zuwa Indiya da Ostareliya da ƙasashen Afirka da suka mallaka, yayin da Faransa da Amurka suka tsaya a dama. Motar Ford samfurin Model T, wadda ta fito a 1908 da sitiyari a hagu, ta ƙara kafa ƙa'idar da ake bi har yau, cewa mazaunin direba ya kasance kusa da tsakiyar titi domin ya hango abin da ke tahowa kafin ya wuce motar da ke gabansa.

Sai dai tarihi ya nuna cewa maƙwabtaka ta fi gadon mulkin mallaka ƙarfi a wannan al'amari. Misalin da aka fi ambato shi ne na Suwidin, wadda take bin hagu alhali Norwe da Finlan da ke iyaka da ita suna bin dama, ga kuma akasarin motocin 'yan ƙasar masu sitiyari a hagu. An yi ƙuri'ar raba gardama a 1955, kusan kashi 83 cikin ɗari suka ƙi sauyin, amma majalisa ta zartar da shi a 1963, kuma da asubahin 3 ga Satumba 1967 aka tsayar da ababen hawa da ƙarfe 4:50, kowa ya koma ɗaya gefen, aka ci gaba da tafiya da ƙarfe 5. Haɗurra sun ragu a watannin farko, ba don dama ta fi hagu aminci ba, sai don tsoro ya sa mutane taka-tsantsan, domin ba a daɗe ba adadin ya koma yadda yake.

Matsalar Nijeriya kafin 1972 irin wannan ce, har ma ta fi tsanani, ganin cewa tana bin hagu alhali Nijar da Chadi da Kamaru da Dahomi, wadda yanzu ake kira Benin, duk suna bin dama. Direban babbar motar da ya ɗauko kaya daga Katsina zuwa Maraɗi ta Jibiya, ko daga Sakkwato zuwa Birnin Ƙwanni ta Illela, a wancan lokacin dole ne ya sauya hannu a bakin iyaka, ko da yake yare ɗaya ake yi a ɓangarorin biyu, kasuwannin kuma a haɗe suke tun kafin a shata iyakar. A cikin ƙasashen Afirka ta Yamma masu bin hagu, Gambiya ce ta fara komawa dama a 1965, Saliyo ta bi a 1971, Nijeriya ta sauya ranar 2 ga Afrilu 1972 a mulkin Janar Yakubu Gowon, watanni tara kafin naira ta maye gurbin fam, sannan Ghana ta rufe sahu ranar 4 ga Agusta 1974.

Gabashi da kudancin Afirka ba su ga dalilin yin haka ba, saboda Kenya da Yuganda da Tanzaniya da Zambiya da Afirka ta Kudu duk suna cikin yanki ɗaya mai bin hagu. Shi ya sa direban da ya saba da titunan Kano yake zama ɗan koyo a Nairobi ko Landan. Lasisin tuƙi na ƙasa da ƙasa, wanda yarjejeniyar Janeba ta 1949 da ta Biyana ta 1968 suka tsara, fassara ce kawai ta lasisin gida, ba ya sauya sabon da hannu da ido suka yi. Kuskuren komawa hannun da aka saba yakan auku a shataletale, inda ake zagayawa ta ɓangaren da ba a saba ba, da kuma lokacin fitowa daga gidan mai zuwa titin da babu wata mota a gaba da za a bi sawunta.